Tsohuwar amfilifayar jita ba kayan sikeli ba ce

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a shagunan gyaran kayan sauti a Kaduna, daga Sabon Tasha har Tudun Wada. Za a kawo tsohuwar amfilifayar jita mai bawul, irin mai kwalaben gilashin nan da ke yin ja a baya idan an kunna ta, a ce ta daina magana ko tana gurnani. Mai gyara ya leƙa ciki bai ga abin da ya saba gani ba, sai ya ce wa mai ita, "Oga, wannan ta tsufa, babu kayanta a kasuwa. Bari in canza maka cikinta." Ya yanke wayoyi, ya zubar da kwalaben, ya dasa ɗan allon taransisto mai araha, ya mayar da marfi. Taransifomomin da ya kwance kuwa, kafin la'asar suna hannun 'yan gwangwan, an fasa su da guduma, an zare jar wayar an ɗora a sikeli.

Wannan ɓarna ce, kuma ya kamata a daina. Mafi yawan waɗannan amfilifayoyi ba mutuwa suka yi ba. Abin da ke kwantar da su ƙananan kaya ne da duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe mita da ƙarfen dalma zai iya canzawa. Abu ɗaya ne a cikinsu ba ya samuwa cikin sauƙi, wato taransifoma, kuma ita ce ake fara fasawa. Mutanen garin da aka harhaɗa Peugeot 504 ai sun san ba a cire injinta a ɗaura na Keke Napep don kawai fulogi ya mutu.

Me ke cikin akwatin?

Kamfanin Fender na Amurka ya fitar da Bassman a 1952 don masu jitar bes. Samfurin da aka yi daga 1958 zuwa 1960, mai sifika huɗu 'yan inci 10, masu jita zalla ne suka ƙwace ta, kuma tsarin wayoyinta Jim Marshall ya kwaikwaya a Landan a 1962 ya yi JTM45. A Ingila kuma Vox ta fito da AC30 a 1959, da kwalabe EL84 guda huɗu. Twin Reverb ta Fender mai baƙar fuska ta zo a 1963: wat 85, kwalabe 6L6 huɗu, sifika biyu 'yan inci 12. Ƙanwarta Deluxe Reverb wat 22 ce kawai, da 6V6 biyu. A ɓangaren bes, Ampeg ta yi B-15 a 1960, wadda ake kifa kanta, wato sashen da kwalabe suke, cikin akwatin sifika idan za a yi tafiya, sannan a 1969 ta yi SVT mai wat 300.

Ba almara ba ne a ci karo da irinsu a nan. Kaduna ta yi zamanin masaƙu a Kakuri, ta yi zamanin otal-otal da kulob-kulob masu makaɗa na dindindin, a nan Bala Miller ya kafa ƙungiyarsa yana kiɗan zamani da Hausa. Ga ƙungiyoyin badujala na soja da 'yan sanda, ga coci-coci. Bayan wannan kuma kwantenar kayan gwanjo ba ta daina shigowa ba, kuma mai loda ta a Turai ba koyaushe yake sanin abin da ya jefa ciki ba. Saboda haka akwai su a ɗakunan ajiya, an jibga musu kujerun roba a kai.

"Babu kayanta"

Wannan ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ita ce mafi rauni. Har gobe ana ƙera kwalaben. Kamfanin JJ yana yi a Sulobakiya, akwai masana'anta a Saratov ta Rasha da ke fitar da Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol, ana kuma yi a Sin. Gaskiya ne kuɗinsu ya tashi tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, kuma sai an yi oda an jira. To amma wanda ya iya yin odar gilashin waya daga waje, me zai hana shi odar 6L6?

Kuma sau da yawa ba kwalba ce matsalar ba. Ƙananan kwalaben gaba, 12AX7 da 12AT7, suna iya shekaru masu yawa suna aiki. Manyan na baya ne ke gajiya da wuri a hannun wanda ke kiɗa kowane mako.

Abin da ya fi kashe tsohuwar amfilifaya shi ne manyan kondensa masu tace wuta. Akwai danshi a cikinsu, kuma bayan shekara ashirin zuwa talatin yakan bushe. Alamarsa gurnani mai kauri da ba ya raguwa ko an mayar da ƙarar sifili, ko wata baƙuwar murya da ke bin bayan kowane sauti idan an kaɗa tsirkiya mai kauri. A Fender suna ƙarƙashin wani murfin ƙarfe a bayan shasi, wato jikin ƙarfen da aka ɗaura kayan ciki a kai. Idan ka buɗe ka ga bakinsu ya kumbura ko ya fitar da farin gari, magana ta ƙare. A canza su duka, da mai ƙarfin bolt daidai da na asali ko sama da shi, kada a sa na ƙasa. A haɗa da ɗan kondensan layin bayas, layin da ke ƙayyade yawan wutar da manyan kwalabe ke ja, domin idan shi ya mutu manyan kwalabe za su ja wuta ba linzami har farantin cikinsu ya yi jawur. Sai ƙananan nan masu 25uF da ke kan allo.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a taɓa ba. Shuɗayen kondensan da ke kan allon tsohuwar Fender, da masu launin rawaya na tsohuwar Marshall, ba irin masu bushewa ba ne. A auna su. Wanda ke yoyon wuta zuwa kwalbar gaba shi kaɗai za a cire. Mai gyaran da ya share allo kaf don ya nuna ya yi aiki, ya rage wa kayan daraja ne kawai.

Idan ƙarar tas-tas take yi kamar ana suya, a fara duban rezisto masu 100k da ke ciyar da ƙananan kwalabe, da ramukan da ƙafafun kwalba ke shiga. Ƙurar hunturu tana cika ramukan nan, damina ta zo ta mayar da ita tsatsa. Ruwan wanke mahaɗar waya na feshi da ɗan matse bakin ramin da tsinke mai kaifi sukan gama aikin. A kan ramukan manyan kwalabe na Fender akwai rezisto masu om 470 da zafi ke gasawa shekara da shekaru; idan sun tsage ko sun yi baƙi a canza. Allon Fender na da kuwa na takarda ne mai tauri, yana shan danshi, har ya riƙa ratsa wuta tsakanin ƙusoshinsa. Wanda ya ajiye tasa a ɗaki mai raɓa daga Yuni zuwa Satumba zai ji ta tana wasu koke-koke da ba a gane kansu. Busar da allon a hankali da iska mai ɗumi yakan taimaka.

Duk abin da na lissafa, ban da kwalabe, bai cika tafin hannu biyu ba.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauko sukundireba. Cikin amfilifaya mai bawul akwai wuta bolt 400 zuwa 500, a SVT ma tana dosar 700, kuma kondensa suna riƙe ta bayan an zare fulogi daga bango. Tana kisa. Mai gyara yakan sauke ta ta hanyar rezisto mai kamar 22k, wat 5, daga kan kondensa zuwa jikin shasi, ya sa mita ya ga ta sauka ƙasa da bolt 10 kafin ya kai yatsa. Haɗa bakin kondensa da shasi kai tsaye da ƙarfe, yadda wasu ke yi don su ji ƙarar tartsatsi, yana lalata kondensan, wani lokaci ya tafi da ido.

Bayan gyara kuma ba a cusa ta a bango haka nan. A jera ƙwan lantarki na da, mai zare a ciki, wat 60 zuwa 100, a kan layin wutar da ke shiga. Idan komai lafiya, ƙwan zai yi haske ya dushe. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda waya ta haɗu, kuma ƙwan ne ya shanye wutar maimakon taransifoma. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya wannan aikin.

Sai saita bayas idan an sa sababbin manyan kwalabe, waɗanda ya kamata a saye su a matsayin tagwaye da aka auna tare. Lissafin ba wuya. 6L6GC tana ɗaukar wat 30, EL34 wat 25. Ana so a zaune ba kiɗa su tsaya a kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan. Idan mita ta nuna bolt 450 a farantin 6L6GC, kashi 70 na 30 shi ne 21, a raba da 450, ya ba da kusan miliyam 47. Wannan ne iyaka, a zauna ƙasa da shi. Hanya mafi sauƙi ta aunawa ita ce a sa rezisto mai om 1 tsakanin ƙafar babbar kwalba da ake kira katod da shasi; milibolt nawa mita ta nuna a kansa, miliyam ke nan. AC30 ba ta da wannan saiti, da kanta take daidaitawa, sai dai zafi gare ta ƙwarai, don haka kada a manna bayanta da bango.

"Wutarmu ba za ta bar ta ba"

Wannan hujjar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta cancanci a tsaya a kanta.

Wutarmu bolt 230 ce a takarda. Amfilifayar da aka yi don kasuwar Amurka tana son 117 zuwa 120. Duk wadda ta zo a kwantena, a karanta rubutun da ke bayanta kafin a taɓa fulogi. Da yawa sun mutu ne a minti na farko da isowarsu, a hannun mai shago da ke son ya nuna wa mai saye tana aiki. Idan ta 120 ce, tana buƙatar taransifoma mai rage wuta, ta gaske mai nauyi, wadda ƙarfinta ya kusan ninka abin da amfilifayar ke ja. Ga Twin Reverb a nemi mai wat 500. Ɗan ƙaramin abin nan mara nauyi da matafiya ke saya don na'urar busar da gashi ba taransifoma ba ne, yanka wutar yake yi, kuma zai ƙona ta. A kuma sani cewa taransifomar Amurka an naɗa ta ne don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 50 ce, saboda haka za ta fi ɗumi a nan. Ƙaramar fanka a bayanta ba ƙauyanci ba ne.

Na Ingila, Marshall da Vox da Hiwatt, sun fi dacewa da mu. Da yawansu suna da maɓallin zaɓen wuta a baya. A sa shi a 240, kada a sa a 220. Dalili shi ne zaren da ke ɗumama kwalba bolt 6.3 yake so, kuma wuce gona da iri ya fi gajarta ransa a kan ɗan ragi. Unguwar da ke kusa da taransifomar layi, inda wuta ke haurawa cikin dare, ita ce mai haɗari.

Sitabilaiza tana taimakawa, amma ba kowace ba. Mai rahusar nan da ke ƙwas-ƙwas tana tsalle daga mataki zuwa mataki, kowane tsalle sai an ji shi a sifika. Mai juyawa da ɗan moto a ciki ta fi. Ƙaramin janareta kuwa, wanda muryarsa ke sauka duk lokacin da aka kunna firji, bai dace da ita ba sam. Kuma dokar da kowane mai kula da kayan sauti a coci ko zauren biki ya kamata ya haddace: idan an ɗauke wuta a kashe amfilifaya nan take, a ta da janareta, a bari ya daidaita, sannan a kunna. Dawowar wuta bagatatan a kan kwalabe masu zafi ita ke sa kwalbar GZ34, mai juya wutar bango zuwa irin wadda sauran kwalabe ke aiki da ita, ta yi tartsatsi a ciki.

Duk wannan gaskiya ne. Amma wace na'ura ce wutar nan ta ƙyale? Miksa ta zamani da aka saya da miliyoyi ita ma sai an yi mata sitabilaiza, kuma ranar da allonta ya ƙone ba mai gyara shi a Kaduna, sai dai a yi odar wani. Tsohuwar Fender ko Marshall kuwa kowace waya a fili take, da hannu aka ɗaura ta, taswirarta tana intanet kyauta.

Abin da muke yi musu da hannunmu

Fis ya ƙone ana tsakiyar biki, sai wani ya naɗe shi da zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Fis ba ya ƙonewa don nishaɗi. Galibi babbar kwalba ce ta haɗe a ciki, ko kondensa. Da an toshe hanyar fis, abin da zai ƙone na gaba taransifoma ce. A sa mai lambar da aka rubuta a bayan shasi, irin mai jinkirin ƙonewa idan haka aka rubuta. Idan na biyu ya sake tafiya, a zare fulogi a kai amfilifayar shago.

Kuskure na biyu ya fi wannan yawa. Amfilifayar taransisto ba ta damu ba idan an kunna ta babu sifika. Mai bawul kuwa, in aka kaɗa jita a cikinta alhali wayar sifika ta zare, ƙarfin da ya rasa mafita yana komawa cikin taransifomar fitar da sauti ya huda rufin wayoyinta. Yaran da suka taso da kayan zamani ba su san wannan ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba wanda ya gaya musu. Haka ma daidaita om: Twin Reverb 4 take so, Deluxe Reverb 8, tsohuwar Bassman mai sifika huɗu 2, Marshall tana da maɓallin 4 da 8 da 16. Ɗaura mata kowace sifika da aka tsinta a sito ganganci ne. Kuma wayar jita ba wayar sifika ba ce ko da bakinsu iri ɗaya ne. Siririn zaren cikinta ba zai ɗauki wat 100 ba.

Akwai gyara ɗaya da nake goyon bayan a yi wa kowace tsohuwa ko da masu son komai ya zauna yadda ya fito za su yi tsaki. Na Amurka na da suna da fulogi mai ƙafa biyu, da wani kondensa tsakanin layin wuta da jikin shasi. Idan ya lalace, shasi ya ɗauki wuta, tsirkiyar jita ma ta ɗauka, domin a haɗe suke. Mai kiɗa ya kai leɓe kan makirufo, shi ke nan ya zama hanya. Makaɗin jita Les Harvey a kan dandamali ya mutu a Swansea a 1972, lokacin da ya taɓa makirufo da ba a haɗa da ƙasa ba. A cire kondensan nan, a sa waya mai ƙafa uku, a ɗaure ta ukun a jikin shasi da noti. Sannan a tabbatar soket ɗin ginin da gaske yana da wayar ƙasa, don gine-gine da yawa a garin nan ramin na uku ado ne kawai.

"Ai kwamfuta ta gama komai"

Yawancin waƙoƙin Hausa na yau da fiyano da kwamfuta ake haɗa su, ba a musu. Na'urorin da ke kwaikwayon sautin amfilifaya kuma sun yi nisa, har a cikin rikodin da wuya kunne ya bambance. Wanda ke yawon biki daga Barnawa zuwa Kawo a bayan Keke, ba zan ce ya ɗauki Twin mai kilo 30 ba. A bes ma na fi sassauci: kan SVT kaɗai ya doshi kilo 40, ban da akwatinta mai sifika takwas, kuma canza manyan kwalabenta shida ba ƙaramin kuɗi ba ne. Cocin da ke son bes ya cika zaure, sabuwar amfilifaya mara nauyi ta fi masa. B-15 kuwa wat ɗinta bai wuce 25 zuwa 30 ba, gidanta situdiyo.

Sai dai a duba sunayen da ke cikin na'urar kwaikwayon. Twin ce, AC30 ce, Marshall ce, SVT ce. Abin da injiniyoyi suka ɓata shekaru suna ƙoƙarin kamawa shi ne yadda bawul ke amsa hannu: ka taɓa tsirkiya a hankali sauti ya fito garau, ka danna da ƙarfi ya yi kauri ya ɗan dushe ba tare da ya fashe ba. Mai situdiyo a Kaduna da ke da ta ainihi a kusurwa, da makirufo ɗaya a gaban sifikarta, yana da abin da maƙwabcinsa ba shi da shi. Kuma salon jitar da ake kaɗawa a coci-cocin kudancin garin nan, mai tsabta mai ƙara irin ta hailaif da ta Kwango, shi ne ainihin abin da Twin ta fi iyawa.

Ba kuma cewa nake duk tsohon abu zinariya ba ne. Akwai tarkacen da tun ranar da aka ƙera su ba su da daɗi. Akwai kuma na taransisto da suka cancanci a kula da su kamar masu bawul: Roland JC-120 da ta fito a 1975, da Peavey Bandit da ke shan wuya ba ta ƙorafi. Su ma kondensa da maɓallan ƙara ne ke fara gajiya, su ma ana farke su ba dalili.

Wanda ya gaji irin wannan kaya, ko kwamitin cocin da ya gaji da ganinta a sito, ba dole ne ya gyara ba. Ya sayar da ita yadda take, da ƙurarta, kada ya bari a kunna ta don gwaji, kada ya bari a cire komai. Ya ɗauki hoton fuskarta, da bayanta, da lambobin da aka buga a jikin taransifomomi da sifika, domin da su masu saye ke gane shekararta da ko an taɓa canza wani abu. Matacciyar Twin ko AC30 da taransifomominta na asali tana da masu nema a Legas da wajen ƙasar nan, kuma abin da za su biya ya ninka kuɗin jar wayar cikinta sau da yawa. Wadda aka riga aka dasa wa allon taransisto, akwatin katako da sifika kawai za a yi ciniki.

Masu gyara kuma, wanda bai taɓa aiki a kan bawul ba, babu abin kunya ya ce, "Alhaji, wannan ba layina ba ne." Har yanzu akwai dattawan da suka koyi sana'a a kan rediyo da talabijin masu kwalba, wasunsu suna zaune a ƙananan shaguna ba aiki. A kai musu, a tura yaro ɗaya ya zauna kusa da su da mita da littafin rubutu.